Shin Kasuwar Kan Sarki Tana da Kaka da Rani?

Duk shekara, da watan Yuli ya kama, kukan masu sayar da kan sarki a Turai da Amurka iri ɗaya ne: kasuwa ta kwanta, an baza kaya babu mai tayawa, gwanjon da aka saba ja-in-ja a kansa ya zama shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Da Oktoba ya shigo sai fuskoki su saki, ciniki ya dawo. Daga nan aka samo shawarar da ake ba duk sabon shiga wannan harka: ka saya lokacin zafi, ka sayar lokacin sanyi.

Mutane da yawa sun haddace wannan magana ba tare da sun tambayi dalilinta ba. Kan sarki dai ba shuka shi ake yi ba balle a jira girbi, kuma wanda aka buga shekara ɗari da suka wuce yawansa ba ya ƙaruwa don wata ya sauya. To, me ya haɗa shi da zafi da sanyi? Shin yanayi yana taɓa farashi da gaske, ko kuwa dillalai ne ke neman abin da za su ɗora wa laifi idan ciniki ya yi ƙasa?

Amsata ita ce yanayi yana taɓa harkar ƙwarai, sai dai inda mutane suka zuba ido ba nan ne ya fi yin ɓarna ba. Ana ta lissafin watan da za a saya da watan da za a sayar, alhali babbar asarar tana faruwa ne a cikin kabad, inda babu mai gani.

Mu fara da sanin kalmomin

Sunan da Hausa ta ba wannan 'yar takarda ya dace da asalinta. Kan sarki na farko mai danko a bayansa, wanda ake kira Penny Black, ya fara aiki a Birtaniya ranar 6 ga Mayu, 1840, bisa shawarar Rowland Hill, ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria. Har yau Birtaniya ba ta rubuta sunan ƙasarta a jikin kan sarkinta, hoton kan mai sarauta ya wadatar.

A wurin masu tarawa, kan sarki iri biyu ne. Akwai wanda ya yi aiki, wato an liƙa shi a ambulan, gidan waya ya buga masa hatimi. Akwai kuma sabo fil, wanda bai taɓa hawa wasiƙa ba, dankonsa na asali yana nan. Shi sabon ma kashi biyu ne. A da, masu tarawa kan manna kayansu a shafin kundi da wani ɗan maƙalin takarda mai danko, wanda ke barin tabo a baya idan an cire shi. Wanda maƙali bai taɓa hawa bayansa ba shi ne sarkin kasuwa, kuma a tsofaffin kaya yakan ninka ɗan'uwansa mai tabo a kuɗi, wani lokaci ninki fiye da ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: wani babban kaso na darajar sabon kan sarki yana bayansa ne, a jikin dankon da ba a gani sai an juya shi.

Ita ma kasuwar ba guda ɗaya ba ce. A ƙasa akwai kayan yau da kullum, waɗanda aka buga miliyoyinsu, har wasu da kilo ake sayar da su tare da guntun ambulan ɗinsu. A tsakiya akwai kayan da mai matsakaicin hali zai yi tanadi ya saya. A can sama kuma akwai 'yan tsirarun da duniya ta san adadinsu da sunayen masu riƙe da su. Rikicin fahimta yana farawa ne idan aka ɗauki abin da ke faruwa a hawa ɗaya aka ce haka yake a dukkan hawa ukun.

Dogon dare ne ya reni wannan sha'awa

Tara kan sarki aikin zama ne. Yana son tebur, da fitila mai kyau, da gilashin ƙara girman abu, da hantsakin ɗaukar takarda, da sa'o'in da babu abin da ke kiran mutum waje. A Landan, hasken rana a ƙarshen Disamba ba ya cika awa 8, yayin da a ƙarshen Yuni yake wuce awa 16. Wanda duhu ya rufe shi tun ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi a waje, shi ne zai jawo kundinsa ya zauna ƙirga haƙoran gefen kan sarki. A nan zai ga gurbin da ya rage a shafi, kuma ganin gurbi shi ne mafarin saye. Mutumin nan dai, idan rana ta buɗe, yana lambu, ko yana tafiya, ko jikoki sun zo hutu. Sha'awar tana nan, lokacin zama ne ya ƙare.

Ƙungiyoyin masu tarawa sun gina tsarinsu a kan haka tun da daɗewa. Yawancinsu a Turai suna buɗe zaman shekara ne a Satumba ko Oktoba, su rufe wajen Mayu ko Yuni. Haka Royal Philatelic Society London, wadda aka kafa a 1869, take tafiyar da tarurrukanta. A Faransa da Italiya, inda watan Agusta ya zama watan hutun kowa da kowa, ƙananan shaguna da yawa kan sa kwaɗo na makonni, dillalan kan sarki kuma ba su fita daban ba.

Abin da ya faru a 2020 ya nuna ainihin tushen lamarin. Annobar korona ta kulle mutane a gida daidai lokacin da rana ke buɗewa a arewacin duniya, lokacin da bisa al'ada ya kamata ciniki ya fara sanyi. Sai ga mutanen da suka yi shekaru ba su buɗe kundayensu ba sun sauko da su, cinikin intanet ya yi ƙarfi, gidajen gwanjo suka koma karɓar tayi daga nesa. Babban baje kolin duniya da aka shirya a Landan a watan Mayu na 2020 sai da aka ɗage shi zuwa Fabrairun 2022, amma kasuwar ba ta jira shi ba. Wato abin da ke motsa mai tarawa shi ne samun zama a gida, kuma sanyi hanya ce kawai daga cikin hanyoyin da ke zaunar da shi.

Kalandar da hukumomi da 'yan kasuwa suka shimfiɗa

Bayan yanayin sama, akwai wani yanayin da mutane suka tsara da hannunsu, kuma a ganina ya fi na farkon ƙarfi a kan ciniki.

Gidajen waya su ne kan gaba. Ranar 9 ga Oktoba ita ce Ranar Gidan Waya ta Duniya, domin a wannan rana ce a 1874 aka sa hannu a birnin Bern na Suwizalan kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya. Tun 1981 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta ware Oktoba a matsayin watan tara kan sarki. Daga nan sai kan sarkin Kirsimeti, wanda ake fitarwa tun Oktoba ko Nuwamba don ya riski lokacin aika katunan gaisuwa. Kanada ta buga wani mai taswirar duniya da rubutun Kirsimetin 1898 a jikinsa, amma fitarwa ta shekara-shekara ta kankama ne daga baya: Ostareliya a 1957, Amurka a 1962, Birtaniya a 1966. Akwai kuma masu ƙarin kuɗin taimako, irin na Pro Juventute da Suwizalan ke fitarwa tun 1913, da na yara da Holand ke fitarwa tun 1924, dukkansu a ƙarshen shekara. Duk mai bin sababbin fitowa ya san cewa watannin nan uku na ƙarshe su ne suka fi cin aljihunsa.

Ba kowace kalanda ce ke bin sanyin Turai ba. A Sin, kan sarkin dabbar sabuwar shekara shi ne babban al'amari. Na farkonsa, biri baƙi a kan jan fili wanda Huang Yongyu ya zana, ya fito a Fabrairun 1980 a kan fen 8 kacal (fen shi ne kwabon kuɗin Sin), kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin kayan da aka fi nema a Asiya. Tun daga nan, ranar 5 ga Janairu ta zama ranar da masu tarawa ke yin layi a gidajen waya don sayen na sabuwar shekara, ƙasashe da dama kuma sun shiga buga nasu. Amurka ta fitar da kan sarkin Idi na farko ranar 1 ga Satumba, 2001, da rubutun hannun Mohamed Zakariya. Buƙatar irin wannan tana bin watan Musulunci ne, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka ba ta da zaunannen gurbi a zafi ko sanyi.

Sai kundayen farashi. Mai tarawa ba ya ciniki sai da littafin da ke ba kowane kan sarki lamba da ƙiyasin kuɗi: Stanley Gibbons a Birtaniya, Scott a Amurka, Michel a Jamus, Yvert et Tellier a Faransa. Scott yakan fara fitar da juzu'insa na sabuwar shekara daga Afrilu, ɗaya bayan ɗaya har zuwa kaka. Idan sabon juzu'i ya ɗaga ƙiyasin wata ƙasa, dillalai kan sauya alƙaluman da ke jikin kayansu, sai wanda bai san dalili ba ya ɗauka watan ne ya kawo tsada.

Manyan gidajen gwanjo su ma suna da zangonsu. Heinrich Köhler da ke Wiesbaden a Jamus yakan yi manyan gwanjonsa a Maris da Satumba. Gidajen Suwizalan, irin su Corinphila a Zurich da David Feldman a Janeba, sun fi karkata ga tsakiyar shekara da ƙarshenta. Baje kolin Stampex na Landan, a da sau biyu ake yin sa a shekara, ɗaya wajen Fabrairu, ɗaya da kaka. Abin lura a nan shi ne yadda abu ke ciyar da kansa: masu kaya masu kyau suna riƙe su har zuwa lokacin da suke zaton masu saye sun hallara, masu saye kuma suna adana kuɗinsu har zuwa lokacin da kaya masu kyau za su fito. Da haka Yuli da Agusta suke zama fayau, ko da babu wanda zafi ya hana shi ciniki. Duk da haka, babban taron shekara na American Philatelic Society, wadda aka kafa a 1886, a watan Agusta ake yin sa, kuma dillalai da masu tarawa suna cika shi, domin lokacin ne mutane ke da sararin yin doguwar tafiya.

Inda shawarar "saya da zafi, sayar da sanyi" take karyewa

A duba ranakun da aka kafa tarihi. Kan sarkin British Guiana (ƙasar Guyana ta yanzu) na santi ɗaya na 1856, wanda shi kaɗai ne irinsa a duniya, an sayar da shi a gidan gwanjon Sotheby's da ke New York a kan dala miliyan 9.48 a watan Yunin 2014. Da aka sake fito da shi a 2021, a watan Yuni ne kuma, inda kamfanin Stanley Gibbons ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 8.3. A wannan watan dai, a Jamus, wani ambulan na Mauritius na 1847 ya wuce yuro miliyan 8. A Yunin 2024, gidan gwanjon Robert A. Siegel ya sayar da kan sarkin Amurka da ake kira Z Grill a kan fiye da dala miliyan 4.3. Shi kuwa Inverted Jenny na 1918, mai jirgin sama a kife, ya haura dala miliyan 2 ne a Nuwamban 2023.

Irin wannan kaya ba ya jiran kaka, shi ne yake kafa tasa ranar. Masu iya sayensa ba su da yawa, an sanar da su watanni kafin rana, kuma ko suna bakin teku za su ɗaga waya su taya. Ga shi kuma kan sarki ɗaya, na British Guiana, a wata ɗaya na shekara, ya faɗi da fiye da dala miliyan ɗaya tsakanin 2014 da 2021. Abin da ya sauya shi ne waɗanda suka shigo ɗakin da abin da ke zuciyarsu a ranar.

A hawa na ƙasa da na tsakiya ne maganar take da ƙamshin gaskiya. Idan mutum ya sa kaya a gwanjon kwana bakwai a shafukan cinikin intanet irin su eBay ko Delcampe, ya fara da ƙaramin farashi, rabonsa yana rataye ne a kan mutum biyu da za su so abin a mako ɗaya. Idan ɗayansu ya tafi hutu, ɗayan ya kwashi garaɓasa. Nan ne masu haƙuri ke samun arha a Yuli da Agusta. Sai dai akwai ɓangare na biyu da masu ba da shawarar ba sa faɗa: lokacin sanyi masu saye sun yi yawa, amma masu sayarwa ma sun yi yawa, domin kowa ya ji shawarar. Wanda ya kawo kayan da kowa ke da shi a Nuwamba zai tarar da ire-irensa birjik a gabansa. Dillalan da ke da tsayayyen farashi kuwa, ba sa sauke shi don bazara ta zo, adadin masu shigowa ne kawai yake raguwa.

Akwai kuma abubuwan da ke girgiza kasuwar fiye da kowane yanayi: tsadar rayuwa, canjin kuɗi, tsufan masu tarawa da yawan kundayen da magada ke fitarwa, da rugujewar amana. A watan Mayun 2006 hukumomin Sifaniya suka rufe kamfanonin Afinsa da Fórum Filatélico, waɗanda suka tara kuɗin dubban ɗaruruwan mutane da sunan zuba jari a kan sarki. Girgizar da wannan ya jawo ta fi ta kowace bazara nesa ba kusa ba.

Danko, laima da takarda

Yanzu mun zo inda nake ganin ya kamata a fi tsayawa. Kan sarki takarda ce mai numfashi, bayanta kuma an shafa mata abin da aka yi shi musamman don ya narke idan ya ji lema. Tsofaffin kaya da yawa ƙaro aka shafa musu, wasu kuma dankon sitaci. Birtaniya ba ta bar ƙaro ta koma dankon roba ba sai a 1968. Danko ba ya bambance yawun mai liƙa wasiƙa da laimar da ke cikin iska. Idan iska ta yi nauyi da ruwa, sai ya yi laushi, ya fara kama duk abin da ke kusa da shi: shafin kundi, ledar da aka sa shi, ko fuskar ɗan'uwansa da ke ƙasa.

Ni kaina na ga wannan da idona. Na taɓa jibga kundaye huɗu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, a cikin kabad da ke jingine da bango, na bar su tsawon watannin laima ban leƙa ba. Ranar da na buɗe na ƙasan, warin gumi ne ya fara tarbata. Na sa hantsaki zan ɗaga wani jeri na guda huɗu da nake ji da shi, sai na ji ya ƙi tasowa. Da na lallaɓa shi ya saki, dankon da a da yake sumul yana ƙyalli ya zama dabbare-dabbare, zanen shafin ya fito a jikinsa, wani lungu kuma ya bar fatarsa a kan takardar. Daga gaba babu abin da ya same shi, launinsa yana nan ras. Amma duk dillalin da za a miƙa wa, abu na farko da zai yi shi ne ya juya bayan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin kayan sun yi shekaru masu yawa a hannun wasu kafin su zo hannuna lafiya lau, kuma wata uku ne suka lalata su.

Bayan mannewa akwai ɗigo-ɗigon tsatsa, waɗannan jajayen tabo masu ruwan ƙasa da ke fara bayyana a haƙoran gefe su bi cikin takarda. Ana danganta su da fumfuna da kuma ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin takardar, kuma laima ce ke tayar da su. Idan laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, ga ɗumi, ga rashin iska, fumfuna ta samu gida, kuma tana bi daga shafi zuwa shafi. Kayan da suka daɗe a ƙasashe masu doguwar damina sukan zo kasuwa da danko mai ruwan ƙasa, har dillalai suna da sunan da suke kiran irin wannan da shi, suna kuma rage masa kuɗi.

Bushewar iska ma tana da nata. Danko da takarda ba sa shan ruwa ko sakinsa da sauri ɗaya. Idan iska ta bushe ƙayau, ko ta rani ko ta ɗakin da aka kunna na'urar ɗumama shi da hunturu, sai dankon ya tsuke ya ja takardar, kan sarki ya nannaɗe kamar busasshen ganye. A tsofaffin kaya dankon yakan tsattsage, wanda ya yi ƙoƙarin miƙar da shi da ƙarfi kuma yana iya karya takardar.

Masu buga kan sarki sun san wannan tun da can. A farkon ƙarni na 20, masu bugawa na gwamnatin Amurka suna da danko iri biyu: mai tauri na lokacin zafi don kada ya manne, da mai laushi na lokacin sanyi don kada ya nannaɗe. Sin ta yi shekaru tana fitar da kan sarkinta babu danko sam, mai aika wasiƙa shi zai shafa nasa. Saliyo, mai yawan ruwan sama, ita ce ta fara fitar da kan sarki mai manne kansa a 1964, wanda ake ɓarewa daga takardar da ke bayansa ba tare da an jiƙa shi ba. Amurka ta gwada irinsa a kan sarkin Kirsimeti na 1974, amma dankon ya riƙa ratsa takardar yana ɓata fuskar, shi ya sa yawancin waɗanda suka rage a yau suke da dabbare.

Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da asarar. Masu adana takardu suna neman ɗaki mai sanyi-sanyi, wajen digiri 18 zuwa 20, da laima wajen kashi 50 cikin ɗari, kuma rashin hawa da saukar alƙaluman ya fi alƙaluman kansu muhimmanci. Wanda ba shi da na'ura, ya tsayar da kundayensa a tsaye kamar littattafai, kada ya matse su, ya nisanta su da ƙasa da bangon da ke shan ruwa daga waje. Ya sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima a cikin akwatin, yana busar da su lokaci-lokaci, domin idan sun ƙoshi ba sa ƙara aiki. A ranar da iska ta bushe, ya buɗe kundayen ya bi shafi-shafi su sha iska, ba a cikin rana ba, domin hasken rana yana cin launi. Da zafi kuma gumin yatsa kaɗai ya isa ya bar zane a bayan sabon kan sarki har abada, shi ya sa hantsaki ya zama dole.

Duniya ba ta shiga sanyi rana ɗaya

Lokacin da dillalin Paris ke rufe shago a Agusta, mai tarawa a Melbourne ko Buenos Aires yana tsakiyar hunturunsa, yana zaune da kundinsa. A ƙasashen da shekara ta kasu damina da rani, tsawon dare ba ya sauyawa sosai, abin da ke sauyawa shi ne laima. Intanet ta haɗa waɗannan duka a kasuwa ɗaya, wannan kuwa ya rage zurfin ramin bazara. Bai cike shi ba, domin mafi yawan masu saye har yanzu suna arewacin duniya ne, a Turai da Amurka ta Arewa da gabashin Asiya.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye, mai sayarwa da magaji

Mai ƙaramin ƙarfi da ke son cike gurabe zai amfana idan ya riƙa leƙa ƙananan gwanjo a Yuli da Agusta, da kuma makon ƙarshe na Disamba, lokacin da hankalin mutane ke kan biki. Wanda ke sayen kayan kilo kuma, farkon shekara ne lokacinsa, domin ƙungiyoyin agaji a ƙasashe irin su Birtaniya suna tattara kan sarkin da aka yanko daga ambulan ɗin gaisuwar Kirsimeti su sayar wa dillalai. A nan akwai tarko: jajaye da korayen ambulan suna zubar da launi a ruwa, guda ɗaya ya isa ya rina duk abin da ke cikin kwanon jiƙo, saboda haka a ware su a jiƙa su daban. Na zamani masu manne kansu kuwa, da yawansu ba sa saki a ruwa, gara a bar su a kan takardarsu.

Mai sayarwa ya sani cewa idan yana son kayansa su shiga gwanjon kaka, tun farkon bazara zai miƙa su, domin gidan gwanjo yana buƙatar watanni ya tantance, ya ɗauki hoto, ya buga kundin gwanjon, sannan ga la'adar da za a cire, ga jiran biya bayan an sayar. Aika kaya a Disamba kuma yana da haɗari, lokacin ne gidajen waya suka fi cunkoso. Idan ƙunshi ya iso daga sanyi mai tsanani zuwa ɗaki mai ɗumi, a bar shi a rufe na wasu sa'o'i kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan danko.

Wanda na fi tausayawa shi ne magajin da aka bar wa kundaye bai san kansu ba. Sau da yawa yakan ji cewa yanzu ba lokacin sayarwa ba ne, sai ya kai kwalayen ɗakin ajiya, ko ƙarƙashin gini, ko saman rufi, ya ce sai kasuwa ta buɗe. Waɗannan wurare ne da zafi da laima suka fi hawa da sauka a duk gidan. Bambancin da zai samu tsakanin farashin Yuli da na Nuwamba kaɗan ne, amma damina ɗaya a irin wannan wuri tana iya mayar da sabon kaya mai cikakken danko ya koma wanda za a saya a farashin marar danko. Idan zai jira, ya shigo da su ɗakin da shi kansa yake kwana, ya tsayar da su a kan kanta. Kada ya ɓare kan sarki daga tsohon ambulan, domin sau da yawa ambulan ɗin da hatiminsa da adireshinsa sun fi kan sarkin daraja. Waɗanda ya tarar sun riga sun manne kuma, ya bar su yadda suke har sai wanda ya san aikin ya duba.